Mai Gida da Gobarar Daji: Misali Daga Jihar Kalifoniya

Bahaushe ya san gobarar daji. Da zarar kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, iskar hunturu ta taso, sai a riƙa hango jan wuta daga nesa da dare, ko ta mafarauta ko ta mai sharar gona. Amma akwai ƙasashen da wannan wuta ta wuce cin ciyawa da karmami, ta koma cin garuruwa sukutum. Jihar Kalifoniya, wadda ke yammacin Amurka a bakin tekun Fasifik, tana sahun gaba a cikinsu. Maƙasudin wannan rubutu shi ne a duba yadda mutumin da ya mallaki gida a wannan jiha yake zama da gobara, watau abin da bincike ya gano game da yadda gida ke kamawa da wuta, da abin da doka ta ɗora wa mai gida, da kuma 'yan hidimomin yau da kullum waɗanda sau da yawa su ne kan raba gidan da ya tsira da wanda ya zama toka.

Ita dai wannan jiha damunarta a lokacin sanyi take, daga wajen watan Nuwamba zuwa Afrilu. Daga nan sai dogon rani, wata biyar ko shida da ƙyar ake ganin ɗigon ruwa. A ƙarshen ranin, sa'ad da kome ya bushe ƙayau, sai wata busasshiyar iska ta taso daga hamadar da ke gabas, ta gangaro ta kan duwatsu ta nufi teku. Mutanen kudancin jihar suna kiranta Santa Ana. 'Yar'uwar hunturu ce a wajen bushewa, sai dai gudunta kan wuce mil 60 a sa'a ɗaya. Daɗin daɗawa, a da ƙabilun da Turawa suka tarar a ƙasar, irin su Karuk da Yurok, sukan sa wa daji wuta da gangan a lokacin da ba ta da ƙarfi, don ta lashe ƙirare da ganyen da ya zube. A 1850 gwamnatin jihar ta yi dokar da ta hana wannan, a 1935 kuma Hukumar Gandun Daji ta Amurka ta kafa ƙa'idar cewa duk wutar da aka ba da labarinta lalle a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Ta haka makamashi ya yi shekaru yana taruwa a dazuzzuka. Su kuwa mutane, tsadar gida a birane da son inuwa suka yi ta tura su suna gini a bakin dajin, har ma a cikinsa.

Abin da ya auku a Paradise

Paradise gari ne wanda kafin gobarar 2018 yake da mutum kimanin 26,000, bisa doron wani tudu a gindin duwatsun Sierra Nevada a arewacin jihar. Ma'anar sunan kuwa Aljanna. Ran 8 ga Nuwamba, 2018, wajen ƙarfe shida da rabi na safe, wani tsohon ƙugiyar ƙarfe da ke riƙe da wayar lantarki ya karye a wani kwari mai nisan kamar mil bakwai daga garin, wayar ta yi tartsatsi, ciyawa ta kama. Kafin ƙarfe takwas ta cika wuta ta fara tashi a cikin garin kansa. Mutum 85 suka rasu, yawancinsu tsofaffi, gine-gine sama da 18,000 suka ƙone, wuta ta ci eka fiye da 150,000. A 2020 kamfanin lantarki na PG&E, mai wayar, ya amsa laifi a gaban kotu a kan mutuwar mutum 84.

Abin da ya ɗaure wa waɗanda suka shiga garin bayan gobara kai shi ne, a unguwanni da yawa sun tarar gidaje sun zama toka, ba abin da ya rage sai bututun hayaƙi, amma dogayen itatuwan da ke kewaye da su suna nan tsaye, wasu ma da ganyensu. To, in da wutar daji ce ta bi ta kan itatuwa ta shafe garin, ai itatuwan ne za su fara tafiya. Me ya ƙone gidajen ke nan?

Amsar wannan tambaya an same ta tun kafin gobarar. Wani masani mai suna Jack Cohen, ma'aikacin Hukumar Gandun Daji a ɗakin binciken wuta na Missoula a jihar Montana, ya yi shekaru yana bin gidajen da gobara ta ci da waɗanda ta tsallake. A ƙarshen shekarun 1990 aka yi wani gwaji a arewacin Kanada, aka kakkafa bangayen katako a nisan ƙafa 33, da 66, da 100 daga bakin daji, sa'an nan aka cinna wa dajin wuta irin mai bin kan itatuwa, wadda harshenta ke tashi sama da tsawon itatuwan. Bangayen da ke nisan ƙafa 66 da 100 ba wanda ya kama. Dalili kuwa shi ne, irin wannan wuta, duk da ban tsoronta, ba ta daɗewa wuri guda. Cikin minti ɗaya ko makamancin haka ta cinye ganyen ta yi gaba, katako kuwa yana bukatar zafi mai ɗorewa kafin ya kama. Zafin da zai sale fatar mutum cikin 'yan daƙiƙu bai isa ya kunna bango ba.

Ashe abin da ke cin gida shi ne garwashi. Iska kan tsinko ɓawon itace da guntayen rassa masu ci, ta yi sama da su, ta watsa su gaban wuta, wani lokaci mil guda ko fiye. Sukan zubo dubbai, kamar ƙanƙara, su kuma taru a duk inda iska ta saba tara shara: lungun rufi, da gindin bango, da ƙarƙashin baranda. In sun sami busasshen ganye a nan, sai ƙaramar wuta ta tashi, irin wadda bokiti guda zai kashe in da akwai mutum kusa. Amma ba kowa, duk an gudu, 'yan kwana-kwana kuma ba su isa su tsaya a kowane gida ba. Wutar sai ta yi ta ci a hankali har ta kama gidan, wani lokaci sa'o'i bayan babbar wutar ta wuce. Duk wanda ya taɓa ganin yadda tartsatsi guda ke sauka a kan jinka, da yadda danga ke ɗaukar wuta daga wannan gida ta kai wancan, ba zai sha wahalar gane wannan ba.

Wannan binciken ya sauya tunanin mutane ƙwarai. Mai gida ba shi da iko a kan daji, ba shi da iko a kan iska. Amma gidansa da 'yan ƙafafun da ke kewaye da shi suna hannunsa, nan ne kuwa ake yin ta.

Aikin tsintsiya da manjagara

Dokar jihar ta wajabta wa mai gida a yankin da ke da haɗari ya gyara filin da ke kewaye da gidansa. Da ƙafa 30 ne, daga 2005 aka mai da shi ƙafa 100, ko zuwa iyakar filinsa in bai kai haka ba. Ba ana nufin a mai da wurin faƙo ba. Daga ƙafa 30 zuwa 100 abin da ake so shi ne a yanke ciyawa kada ta wuce inci huɗu, a rage cunkoson itatuwa, a sassare rassan ƙasa har zuwa tsawon ƙafa shida, don kada wutar da ke bin ƙasa ta sami tsanin hawa sama. Daga bango zuwa ƙafa 30 kuwa sai a kwashe duk abin da ya mutu ko ya bushe, a janye rassa ƙafa goma daga bakin bututun hayaƙi, a kai tulin itacen hura wuta can nesa. In gidan a kan gangare yake sai a ƙara faɗin gyaran ta ɓangaren ƙasa, domin wuta ta fi gudu in tana hawa tudu, harshenta yana gasa abin da ke gabanta tun kafin ta iso.

Amma inda magana take shi ne ƙafa biyar na farko daga jikin bango. Nan ne mutanen ƙasar suka fi son ƙawatawa. Sukan dasa furanni da ƙananan itatuwa a gindin taga, su zuba musu guntayen ɓawon itace don riƙe laima, su jingina kwandon shara na roba, da tsintsiya, da kujerun katako, su shimfiɗa abin goge ƙafa na zare a bakin ƙofa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan makamashi ne da aka ajiye wa garwashi. Shawarar masana ita ce, kada a bar kome mai ci a wannan ɗan tsakani, a zuba tsakuwa ko a shafe shi da siminti. Shingen katako ma, in ya taɓa jikin gida, lagwani ne. Sai a cire ƙafa biyar na ƙarshe a sa ƙofar ƙarfe. A 2020 majalisar jihar ta yi doka a kan wannan yanki na ƙafa biyar, amma fitar da ƙa'idojin aiki da ita ya yi ta jan ƙafa, saboda tsadar aikin da kuma ƙin da mutane ke yi wa tuge shuke-shukensu, har sai da Gwamna Gavin Newsom ya ba da umarni a watan Fabrairu na 2025 a hanzarta. Abin takaici ne a ce mafi arahar matakan duka shi ne ya fi shan gardama.

Sai jikin gidan kansa. Yawancin gidajen jihar da katako ake gina su, ko da an shafe bayansu da siminti, dalili kuwa har da girgizar ƙasa, wadda katako ya fi tubali jure mata. Rufi shi ne babban faranti da ke tarbar garwashi. A da akan yi shi da ɓararrun katako, wanda ba shi da maraba da jinka in ya bushe. Yanzu kwano, ko fale-falen yumɓu, ko wani abin da ba ya kamawa ake so. Kwararon da ke bin bakin rufi yana tara ruwan sama ya kai indararo shi ma tarko ne, don ganye kan cika shi, sai mai gida ya hau tsani ya kwashe kafin lokacin iska. Sa'an nan akwai kafofin iska da ake bari tsakanin rufi da silin, da kuma ƙarƙashin daɓe, don kada laima ta ruɓar da katako. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta nan garwashi ke kutsawa ya sauka a kan tsofaffin takardu da tarkace, gida ya kama daga ciki alhali bangonsa na waje lafiya lau. Maganin wannan ragar ƙarfe ce mai ƙananan idanu, waɗanda ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na inci ba. Taga kuma a yi mata gilashi biyu, ɗaya daga ciki ya zama irin wanda aka gasa ya yi tauri, domin gilashi na yau da kullum zafi kan fasa shi, da ya fashe kuwa an buɗe wa wuta ƙofa.

Daga 2008 dokar gini ta tilasta yawancin waɗannan a kan sababbin gidaje a yankunan haɗari. Bayan gobarar Paradise kamfanin jaridu na McClatchy ya bi lissafin gidajen da wuta ta ratsa, ya tarar daga cikin kimanin 350 da aka gina bayan 2008, kashi 51 cikin ɗari ba abin da ya same su, amma daga cikin 12,100 da aka gina kafin nan kashi 18 ne kaɗai suka tsira lafiya. Tun ran gini ran zane. Sai dai a lura, gidaje 350 ne a gefe ɗaya, sama da dubu goma sha biyu a ɗaya gefen. Dokar ba ta waiwayi tsofaffin gidaje ba, su ne kuwa mafi yawa, gyaransu kuma daga aljihun mai gida zai fito.

Akwai kuma abin da gyaran mutum ɗaya ba ya magancewa. Eric Knapp da abokan aikinsa sun buga wani bincike a 2021 a kan gidajen Paradise, suka nuna cewa cikin manyan abubuwan da suka yanke wa gida hukunci har da kusancinsa da wani ginin da ya ƙone. Itace minti ɗaya yake ci, amma gida kan yi sa'a guda ko fiye yana ci, yana gasa na kusa da shi, yana kuma watsa nasa garwashin. An ga wannan ƙuru-ƙuru a gundumar Los Anjelis a watan Janairu na 2025. Bayan damuna biyu masu albarka, waɗanda suka tsirar da ciyawa mai yawa, sai aka yi wata takwas kusan ba ruwa. Ran 7 ga wata iskar Santa Ana ta taso, wuta ta tashi a Pacific Palisades da kuma kusa da Altadena, ta hallaka mutum kimanin 30 da gine-gine sama da 16,000. Waɗannan unguwannin birni ne, gida na jikin gida, inda ba mai filin ƙafa 100. Hausawa kan ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. A irin wannan unguwa shafa wa naka kaɗai bai isa ba, sai an bi gemun maƙwabci ma an jiƙa tun wuta ba ta zo ba. Shi ya sa maƙwabta kan haɗu su kafa ƙungiya, su sa ranar gayya ta share unguwa, su gyara wa tsofaffi da marasa ƙarfi nasu filin.

Sayen gida da inshora

Yawancin masu sayen gida a Amurka ba da kuɗi hannu suke saye ba. Banki ke ba da rance, yawanci na shekara 30, gidan kuma shi ne jingina. Banki ba ya yarda sai gidan yana da inshora, kuma ko gida ya ƙone ƙurmus bashin yana nan wuyan mai shi. Saboda haka mai niyyar saye kan fara duba taswirar hukumar kashe gobara ta jihar, wadda ta kasa yankunan haɗari gida uku: matsakaici, da babba, da mafi girma. Zai kuma duba hanyoyi nawa ne ke fita daga unguwar. Daga watan Yuli na 2021 doka ta sa mai sayar da gida a yankin babban haɗari ya nuna takardar shaidar cewa an gyara filin yadda aka ce, ko kuwa mai saye ya ɗauki alkawarin yi. Mai hankali kuma yakan nemi kamfanin da zai karɓi inshorar gidan tun kafin ya sa hannu, don samun ta ya zama aiki. A watan Mayu na 2023 State Farm, wanda ya fi kowane kamfani yawan gidaje a jihar, ya daina karɓar sababbin masu gida, a watan Maris na 2024 kuma ya ba da sanarwar ba zai sabunta yarjejeniya kimanin 72,000 ba. Wanda kamfanoni suka ƙi sai ya koma ga wani asusun haɗin guiwa mai suna FAIR Plan, wanda aka kafa a 1968 don ya zama mafakar ƙarshe. Kuɗinsa ya fi yawa, abin da yake ɗauka kuma ya fi kaɗan.

Ko mai inshorar ma yakan sha mamaki. Da yawa sai bayan gobara suke gane cewa kuɗin da aka rubuta a takarda shekaru goma da suka wuce ba zai sake gina rabin gidan ba, balle ga magina sun yi tsada saboda dubban mutane na nemansu lokaci guda. Don haka ake ba mai gida shawara ya riƙa duba takardar kowace shekara, ya kuma zaga ɗaki-ɗaki da wayarsa yana ɗaukar hoton kayansa, yana buɗe akwatuna da kabad, ya ajiye hoton a intanet. Kamfani zai nemi jerin abin da ya ƙone, mutumin da ya rasa kome kuwa ba ya iya tuna cokali nawa gare shi. Daga 2022 hukumar inshora ta jihar ta wajabta wa kamfanoni su yi rangwame ga wanda ya gyara gidansa yadda aka bayyana a sama.

Ranar da wuta ta zo

Mafi yawan gobarar dajin jihar ɗan'adam ne sanadinta, sau da yawa kuma ta hanyar da ba ta taka kara ta karya ba. A watan Yuli na 2018 tayar wata tirela ta fashe kusa da garin Redding, ƙarfen ya goge kwalta ya yi tartsatsi, gidaje sama da dubu suka tafi. Cikin wannan watan dai wani makiyayi ya buga turken ƙarfe da guduma don ya toshe ramin zanzaro, wutar da ta tashi ta ci eka sama da 400,000. Shi ya sa ake cewa a yanke ciyawa da inji kafin ƙarfe goma na safe, tun da sauran raɓa, ranar da aka ba da gargaɗin iska da bushewa kuwa kada a taɓa injin sam.

Hukuma kan ba da sanarwa hawa biyu: gargaɗin shiri, da umarnin fita. Mai tsoho ko maras lafiya ko dabbobi ba ya jiran na biyu. Jaka tana nan a shirye tun farkon rani, da takardun gida, da magunguna, da ruwa, da tufafin 'yan kwanaki. A juya mota ta fuskanci titi, da mai a cikinta. In da sauran lokaci sai a rufe tagogi da ƙofofi ba tare da an kulle ba, a shigar da kujerun baranda cikin ɗaki, a kashe gas, a bar fitilu a kunne don 'yan kwana-kwana su ga gidan cikin hayaƙi. Kada a bar famfo yana zuba da sunan jiƙa gida, domin yana rage wa masu kashe wuta ƙarfin ruwa. A Pacific Palisades manyan tankuna uku, kowanne mai cin galan kimanin miliyan ɗaya, sun ƙafe kafin asubar ran 8 ga Janairu. A sa tufafin auduga masu dogon hannu, ban da na leda waɗanda ke narkewa a jiki. Jinkiri shi ne babban mai kisa. A Paradise hanyoyin sauka daga tudun kaɗan ne, suka cushe, wuta ta tarar da wasu cikin motocinsu. A Pacific Palisades mutane sun watsar da motoci a tsakiyar titi sun gudu da ƙafa, sai da aka kawo katafila ta ture su kafin motocin kwana-kwana su sami hanya.

Komawa gida ma yana da nasa sharuɗɗa. Tokar gidan zamani ba tokar murhu ba ce; akwai dalma da sauran guba daga fenti da batura da robobi, don haka ba a taɓa ta sai da safar hannu da takunkumin N95, ba a kuma share ta a bushe. Wanda gidansa ya tsira zai leƙa silin da ƙarƙashin baranda, ya yi ta leƙawa har kwana ɗaya ko biyu, ko akwai rushin da ya ɓuya. Wanda ke gindin dutsen da ya ƙone kuwa, sai ya sa ido ga ruwan farko, domin ƙasar da wuta ta gasa ba ta shan ruwa, ba kuma saiwar da za ta riƙe ta. A watan Disamba na 2017 gobara ta ƙone duwatsun da ke bayan garin Montecito. Ran 9 ga Janairu, 2018, da tsakar dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, laka da manyan duwatsu suka gangaro cikin garin, suka hallaka mutum 23 a unguwannin da wutar ba ta ko taɓa ba.